Ɗigo Shida

A Katako na saye ta, wurin Arzika mai tarkacen rediyo,
ƴar ƙwaƙwalwa baƙa, ba ta kai tsawon yatsa ba,
ƙafafu jere kamar na shanshani.
Jika uku ya ce. Na ba shi biyu da rabi,
ya yi mini gyara da lasifikar wata rediyo
da ta mutu tun bara.

Kawu Barmu bai taɓa ganin Yamai ba,
ko da yake ya fi ni sanin lungunanta.
Shekara ashirin da uku yana koya wa yara
yadda ake karatu da fatar yatsa.
Sai ciwo ya yi masauki a maƙogwaronsa.
Likita ya fitar da baƙon,
baƙon ya tafi da murya.

Yanzu takarda yake hudawa da tsinke, ya miƙo,
mu masu idanu mu zuba mata ido
kamar an watsa gero a tabarma.
Duk gidan, mu ne makafin.

Maɓalli shida na jera a murfin akwatin sabulu,
uku hagu, uku dama,
na bakwai a ƙasa, don kalma ta numfasa.
Dalma na narkewa, hayaƙinta na cin hanci,
kuran ya tafi, in zauna,
ya dawo, in nemi inda na tsaya.
Wata biyu a Bukoki ƙarƙashin fanka mai tari.

Haruffa masu lanƙwasa shi ya ba ni ɗigonsu.
Ya kama yatsuna ya danna: nan ka, nan ƙa.
In na kuskure ya matse,
har yau ɗan alina yana tunawa.

To, murya fa? Ba a sayar da ita a Katako.
Na lulluɓa da bargo a tsakiyar bazara
ina faɗa wa waya: ba, bi, bu, ɓa, ɓi, ɓu,
gaɓa bayan gaɓa, gumi na ɗiga a haɓa.
Jakin maƙwabta ya faɗo cikin tsa, na sake.
Inna Cima ta leƙo, ta daɗe a bakin ƙofa,
ta ce ko a kira malami.

Gwajin farko, shiru: na juya waya ɗaya.
Na biyu, kukan kwaɗo.
Na uku na danna gari, ta ce gari,
ban san ko na tuwo take nufi ba
ko wannan da muke zaune ciki.
Ba ta san hawa da saukar magana ba,
tafiya take a miƙe kamar titin Doso.
Na ce a haka za mu je.

Ran Juma'a bayan la'asar na ɗora masa a cinya.
Ya shafa gefe, ya shafa dunƙulen dalmata,
ya taɓe baki.
Inna ta riƙe bakin mayafi, ta shirya wa hawaye.
Yara suka bar ƙwallo.
Yatsunsa suka sauka, biyu, uku, ɗaya,
sai ga muryata, yankakkiya kamar kilishi,
tana fitowa daga cinyarsa:

sha-yin ba su-ka-ri.

Muka tsaya.

tun wa-tan a-zu-mi.

Inna ta saki mayafin, ta yi dariya har ta zauna a turmi,
hawayen suka zo dai, ta wata ƙofa.

Maɓalli na huɗu yana maƙalewa, na sani,
batirin ba ya kai asuba.
Gobe zan koma wurin Arzika.

Amma daren nan, ta jikin bango,
na ji ni ina kiran Ci-ma,
na ji ni ina gaya mata, a hankali, gaɓa-gaɓa,
abin da ba na kunnen ɗan ƙanwa ba ne.
Na naɗe tabarmata na fita ƙofar gida,
na bar muryata a ɗakinsu
tana aikin da ban koya mata ba.